Malam Haladu da farantin da ke ƙofar gidanmu na haya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Gagarawa, Malam Haladu ya rasu.

Tun ɗazu nake kuka, kuma wani tsohon fushi ya dawo mini sabo.

Har yau mutane da yawa suna zaton idan mai gida ya yi wa gidansa inshora, to ɗan haya ma ya shiga ciki. Mu ma haka muka zata.

A shekarun saba'in ne, muna sababbin malaman firamare a Gumel. Ni da Haladu muka kama ɗakuna a gidan wani falken shanu da ke cin kasuwar Maigatari. Haladu ne ya fara koya mini tsayuwa gaban aji. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya haɗa ajina da nasa, matarsa Hajara ta dama mini kunu.

A saman ƙofar zauren an kafa wani ɗan farantin ƙarfe na kamfanin inshora. Haladu ya taɓa tare ejan kamfanin ya tambaye shi ko har da mu. Mutumin yana kan babur, ko kashe shi bai yi ba, ya ce inshorar ta ɗauki gidan duka.

Da wannan maganar Haladu ya je gida ya lallashi mahaifinsa, ya ce kada a zuba riɗin bana a rumbu, a kawo ɗakinsa, ai gidan inshora ne. Tsoho ya yarda, aka ɗauko a amalanke.

Wata ranar Talata muna aji wuta ta tashi daga madafin maƙwabta. Kafin mu iso, riɗin ya ƙone, keken ɗinkin Hajara ya zama ƙarfe.

Kamfani ya biya mai gida bango da kwanon rufi. Mu kuwa aka ce ba a san da mu ba. Ejan ɗin ya dubi idon Haladu ya ce ai gini yake nufi.

Gini! Da ya kashe babur ɗin nan ya yi bayani, me zai rage shi?

Mahaifin Haladu bai taɓa yi masa gori ba, wannan ya fi ci masa rai. Daga nan duk sabon malamin da aka turo, sai Haladu ya zaunar da shi kafin ya kwance kaya. Wasu suna yi masa dariya, suna kiransa Malam Inshora. Har yanzu ina jin haushinsu.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Sule Tankarkar ne, yana dogara sanda. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, yaran nan namu da ke haya a birni, ka ci gaba da gaya musu. Ni muryata ta ƙare."

To ɗalibaina, ga shi na gaya muku. Yau ɗin nan ku tambayi mai gidanku abin da inshorarsa ta ɗauka. Sannan ku nemi wadda ke kare kayan ɗan haya, har ta tsarin Musulunci akwai. Kada ku yarda da amsar mutumin da ke sauri.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajara da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.