Ranar Da Na Yanke Kejin Motata Da Zarto

Ina gaishe ku da aiki, ku da masu karatu. Ni mai walda ne a Kafanchan, ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa nake haɗawa. A lokacin da wannan abu ya same ni ina da mata da yara biyu, muna haya a wani gida mai faɗin tsakar gida a bayan layin dogo. In ka cire aikina da sujadar Lahadi, ba abin da ya cika mini kai kamar motocin tsere, musamman irin waɗanda ke gudu a burji da cikin daji, suna watsa taɓo suna tsalle a kan tudu. Tun ina koyon aiki nake kallon su a waya har caji ya ƙare. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyata kuwa tana ƙauyenmu, can gaba da Fadan Kagoma, tana noman citta da acca, ta ƙi dawowa gari duk roƙon da ni da yayana muka yi mata.

Motar da na saya ƙarama ce, tsohuwa, mai ƙofa biyu da but mai ɗagawa sama. Don iyali na saye ta, mu riƙa zuwa coci da ƙauye. Amma duk sanda na dube ta a tsakar gida sai in ga ai girmanta ɗaya da waɗancan na cikin waya. Ina da wani aboki Ibo mai sayar da kayan mota, kakansa aikin reluwe ya kawo shi, a nan aka haifi ubansa aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa. Shi na fara gaya wa abin da ke raina. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce in dai zan iya aikin, kaya ba za su gagara ba. Haka muka fara, kaɗan-kaɗan, ranakun Asabar da yamma bayan na tashi daga shago. Na ɗaga motar sama, na sa mata shokazoba masu tauri da tayoyi masu manyan haƙora. Na yanko farantin ƙarfe na rufe ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa shi. Na jera fitilu huɗu a goshinta, na sauya salansa zuwa mai ƙara, na yi mata fenti fari da shuɗi, da babbar lamba a kowace ƙofa. Wannan aiki ya ba ni daɗin da ban san yadda zan kwatanta shi ba. Yara suna miƙo mini sifana, matata tana kawo mini kunu tana tsokanata wai na auri ƙarfe.

Daga baya na zo kan abin da ake kira keji, wato bututun ƙarfe da ake haɗawa a cikin mota don in ta kife kada rufin ya danne direba. Kafin a sa shi sai an cire kujerar baya. A nan ne matata ta daina dariya. Ta tambaye ni inda ita da yara za su riƙa zama, na ce mata na ɗan lokaci ne, in na gama zan san dabara. Na cire kujerar na jingine ta a ɗakin ajiya. Na zaɓi bututu mafi kauri, na ƙona shi da walda da kyau, na gicciya guda biyu daga bayan kujerun gaba har zuwa bakin but. Duk wanda ya leƙo sai in ba shi guduma in ce ya buga ya ji. Tun daga nan, ranar Lahadi matata da yara su shiga Keke, ni in bi su a baya da motar tana ruri. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai faɗi nata sau ɗaya ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Wata Asabar a tsakiyar damina, bayan an kwana biyu ana sheƙa ruwa, da hantsi sai ga wayar matar kawuna daga ƙauye. Ta ce Mama ta zame a kan dutse a bakin rafi tana dawowa daga gona da kaya a kai, ta kasa tashi, ƙafarta ɗaya ta juya gefe. An ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki zuwa gida. Sun kira mai tasi daga Fadan Kagoma, amma da ya isa wani kwari da taɓo ya cinye hanya sai ya juya. Yayana yana Sabon Tasha wurin aikinsa, kafin ya iso yini ya ƙare. Ina ta neman makulli, matata kuwa ta riga ta naɗe katifar yara da matasan kai ta cusa su ta tsakanin ƙarafa, ta bar yaran wurin maƙwabciya, ta shige kujerar gefe. A hanya ta kira wata nas da suke zumuntar mata tare a coci. Nas ɗin ta ce ga dukkan alamu ƙashin kwatangwalo ne, kada a zaunar da ita, kada a bari a ja ƙafar, a kawo ta a kwance miƙe.

Da muka bar kwalta muka isa kwarin nan, na sa giya na ba ta wuta, motar ta ratsa taɓon tana watsa shi dama da hagu. Ba zan ɓoye muku ba, duk da halin da nake ciki sai da na ji wani ɗan farin ciki, na ce a raina yau dai aikina ya yi rana. Mun samu Mama kwance a baranda a kan ƙyauren nan, matan zumunta sun kewaye ta suna waƙa a hankali, gumi ya jiƙe mata fuska. Wasu dattawa na cewa a kira mai ɗori, matata ta durƙusa ta roƙe su a bari mu kai ta asibiti a ɗauki hoto tukuna, suka yarda. Na je na ɗaga but don mu shimfiɗa katifa, sai na tsaya cak. Ga fili a ciki, isasshe ga mutum ya kwanta, amma ƙarafan da na gicciya sun tare shi daga sama har ƙasa. Ko ƙaramin yaro ba zai shiga a kwance ba.

Ba wuta a ƙauyen, injin yankan ƙarfena kuma yana shago a Kafanchan. Aka je wurin mai gyaran kekuna aka aro zarton ƙarfe, ruwansa ya riga ya cinye. Na shiga but na durƙusa na fara yankan bututun da na zaɓa da hannuna saboda kaurinsa. Zarto na tafiya kamar ba ya ci. Ruwan sama ya dawo, wani dattijon ikilisiya ya tsaya a kaina da lema, mazan ƙauye suna karɓar zarton in hannuna ya gaji. Ana cikin haka ruwan zarton ya karye, muka ɗaure guntun da tsumma muka ci gaba, tafin hannuna ya fashe. Duk wannan lokaci ina jin nishin Mama a tsakanin waƙar matan. Sai na ji ta ɗaga murya ta kira ni da sunan da take kira na tun ina yaro, ta ce, "Yanka a hankali, ɗana. Kar ka ɓata motan ka saboda ni." Na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka, hawaye da ruwan sama suna zuba a kan ƙarfen.

Da ƙarafan suka fita muka shimfiɗa katifa, maza suka ɗago ta da ƙyauren suka zura ta a hankali. Matata ta takure a gefenta ta riƙe ƙafar da matasan kai. A nan wata wahalar ta fara. Shokazoba masu taurin da na sa don tsalle ba sa shanye komai, ko tsakuwa taya ta taka sai Mama ta yi ƙara. Salansar kuma tana ruri a daidai ƙarƙashin kanta. Na sauka na rage iskar tayoyi, na sa giya ɗaya, muka riƙa rarrafe. Da muka dawo kwarin, lissafi ya kwance mini. In na shiga da gudu zan wuce amma zan jijjiga ta, in na shiga a hankali za mu kafe. Ina tsaye ina wannan tunani sai na ga ashe mazan ƙauye sun biyo mu a ƙasa, tunda tafiyar tamu ba ta fi ta mai ƙafa ba. Suka sari rassan itatuwa suka shimfiɗa, suka jera duwatsu, suka dafa motar ta baya da gefe suka tura, taɓo har gwiwa. Haka muka haye ba tare da ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. Muka isa asibiti rana ba ta faɗi ba. Hoto ya nuna ƙashin ya karye, likita ya ce gara da aka kawo ta a kwance, aka yi mata aiki bayan 'yan kwanaki.

Mama ta yi watanni a gidanmu tana jinya, kuma mun gode wa Ubangiji, yanzu tana tafiya da sanda, har ta koma ƙauye tana ba masu ƙwadago umurni daga bakin gona. Matata ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba, ko sau ɗaya. Ni ne da kaina na zaunar da ita a cikin motar na tambaye ta yadda take so ta zama. Muka ɗauko kujerar baya muka wanke ta, na yi mata maƙali yadda za a iya naɗe ta a kwantar. Na sake haɗa kejin ya bi gefe da rufi kawai, tsakiya a buɗe. Abokina ya nemo mini shokazoba masu taushi, na mayar da salansa mai hankali. Da na ce zan sauke motar ƙasa in goge fentin gaba ɗaya, Mama da ke zaune a inuwa tana kallon aikin ta hana ni. Ta ce tsayin nan ne ya kai ni ƙofar gidanta a ranar da mai tasi ya gudu, in bar shi, kuma lambar ƙofar ma tana ba ta sha'awa. Yanzu da damina, in wani ya kwanta ciwo a ƙauyenmu, ni ake kira, kuma ina zuwa da farin ciki.

Har yau ina son motocin tsere, ban kuma yi da-na-sanin aikin da na yi ba sai a wuri ɗaya. Waɗanda nake kallo a waya suna da motar asibiti a bakin hanya tana jiran su, suna da wata motar a gida ta iyali. Ni kuwa wannan ɗaya ce, ita ce ta coci, ita ce ta ƙauye, ita ce ta asibiti, na mai da ita ta mutum biyu masu lafiya. Don haka 'yan'uwana matasa masu wannan sha'awa, a nan Kafanchan da ko'ina, ban ce ku bari ba, aiki ne mai daɗi da ke buɗe kai. Amma in motar ita kaɗai ce a gida, ku ji ta bakin mutanen gidan kafin ku taɓa ta, duk abin da za a iya ɗaurewa da noti kada ku ƙona shi da walda, kuma ku ajiye kayan aiki masu kyau a cikinta. Kafin ku cire kujera ko ku gicciya ƙarfe, ku tsaya ku dubi cikin motar, ku tambayi kanku ta ina za ku shigar da mahaifiyarku ranar da ba za ta iya zama ba.