Tsohon Harsashin Kakana da Naman Suna

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata a Nima, zangonmu na Hausawa mazauna ƙasar waje, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma ranar da na fita farauta da kakana neman naman sunan ɗana na fari, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ko yanzu da furfura ta cinye mini kai, in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai, jikokina su zaci tsufa ne ya fara taɓa ni.

A lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina tuƙa wa wani Bature mota. Mutumin maharbi ne, kuma a wurinsa na koyi riƙe bindiga. Da ya tattara zai koma ƙasarsu sai ya bar mini tasa, har ya tsaya aka mayar da takardunta da sunana. Bindiga ce sabuwa dal, da madubin hango nesa a kanta, harsashinta dogo siriri yana ƙyalli. Daga ranar kaina ya kumbura, ko tafiyata sai da ta canja.

Kakana kuwa, mahaifin mahaifiyata, tsohon soja ne. Da ƙafa ya zo ƙasar nan daga wajen Kano yana saurayi, ya biyo fataken goro, ya shiga soja, da ya fito ya koma farauta. Bindigarsa irin ta sojan da ce, wadda suke ce wa tiri-not-tiri, gindinta ya tsage ya ɗaure da fata. Harsasanta guntaye ne masu kauri, yana ajiye su a tsohon gwangwanin taba, naɗe da tsumma mai mai. Tunda jika da kaka ne mu, bakina bai taɓa raga masa ba. Kullum da safe a bencin mai koko, gaban jama'a, sai na taɓo shi.

"Tsoho, wannan harsashin naka ai ya kamata a ba shi fansho. Kafin ya yi rabin hanya ya gaji, ya sunkuyar da kai kamar mai shi."

Sai ya kurɓi kokonsa ya ce, "To, Direba, mun ji."

Ina da hujjata, a ganina. Kowa ya san tsohon bai taɓa harbin dabba daga nesa ba. Sai ya yi ta jan ciki a ciyawa har ya kusa jin numfashinta kafin ya ɗana. Ni kuwa na yanke cewa harsashin ne ba ya kaiwa, shi ya sa yake wahalar da gwiwoyinsa. Samarin unguwa suka bi bayana, dattawa suka bi bayansa, gardamar ta zama abin karin kumallo.

Ana haka matata ta haihu, namiji. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gida, amma wanda ya san suna a zango ya san rago ɗaya ba ya zuwa ko'ina. Nima za ta zo, unguwannin maƙwabta ma haka, Mamobi za ta zo, 'yan Legos Tawun ma ba a gayyatarsu, da kansu suke zuwa. Surukata, wadda duk muke kira Mma, ita ce uwar girki, kuma ta riga ta yi magana da mahauci a kasuwar Malam Atta. Ban san abin da ya hau kaina ba, na tsaya a bakin ƙofa gaban mata na ce kada a sayi nama ko tsoka ɗaya, ni zan kawo na daji.

Mma ta ɗago ta dube ni. Hausarta irin ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Kai, ka tabbata? In tukunya ya zauna babu nama, ni ne mutane zai zaga, ba kai ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta. A gabana ta aika aka ce wa mahauci ya bari.

Ana gobe suna, bayan sallar asuba, na ari motar wani abokina muka nufi filayen da ke wajen Dodowa, ni da tsohon. Na ce masa ya zo ne kawai ya ga yadda ake harbin zamani, amma duk da haka ya ɗauko bindigarsa da gwangwaninsa. Har sabuwar jar dara da na saya don suna na kafa a kai, don in burge wa, ban sani ba, a dajin da babu kowa sai tsuntsaye.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka hango mazo, irin babbar gadar nan mai zane a jiki, yana kiwo a bakin wani kurmi. Namiji ne ƙosasshe, wanda zai cika tukwanen Mma har a raba wa maƙwabta. Tsakaninmu zai kai taku ɗari uku, kuma akwai kwari a tsakiya. Kakana ya taɓa ni ya raɗa mini, "Mu zaga ta ƙasan iska, mu matsa."

Na ce, "Wa zai ja ciki? Ai ranar ke nan." Na cire darar na rataya a reshen wata ƙaya don tana tokare madubin, na kwanta na auna. Na ce, "Tsoho, buɗe ido ka gani!" Na saki.

Gaskiya a faɗe ta, harbin ya yi kyau. Mazon ya yi tsalle ɗaya ya faɗi. Na tashi da ihu na kwasa a guje, sai ga ni a bakin kwarin nan. Daga nesa kamar ɗan rami ne, ashe zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ga ruwa a ƙasa, ga sarƙaƙiya. Na bi hagu ba hanya, na dawo dama ba hanya. Da kyar na sami wurin gangarawa, laka ta cire mini takalmi ɗaya, ƙaya ta yage mini wando. Kafin in isa, mazon ya daɗe da mutuwa, har ƙudaje sun fara sauka a idonsa.

Ina tsaye da wuƙa a hannu kamar wawa, sai ga tsohon ya ɓullo a hankali, ko laka babu a ƙafarsa, don shi ya san mashigar. Ya durƙusa ya taɓa wuyan dabbar, ya ɗaga ƙafarta ya saki.

Ya ce, "Ka same shi da rai?"

Na ce a'a.

"To me ka faɗa kafin ka harba?"

Sai ya amsa wa kansa. Ya ce, "Ni dai abin da na ji shi ne, Tsoho buɗe ido ka gani. Ban san ko sabuwar bisimillar zamani ce ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, na ce ai na ji malamai suna cewa abin da harsashi ya kashe akwai zance a kansa. Ya ce, "Akwai, ga wanda ya ambaci Allah. Amma je ka yi wa surukarka wannan karatun. Tambaya ɗaya za ta yi maka, wa ya yanka? Kuma ni ba zan tsaya a ciyar da zango abin da ni kaina ba zan ci ba." Wasu manoma da suka ji ƙarar bindiga suka iso, mutanen ƙauyen wurin, ba Musulmi ba ne. Tsohon ya ce su ɗauka. Ina kallo suka rataya naman sunan ɗana a sanda, suna ta yi mini godiya da harshensu.

Na zauna a kan dutse, na tuna tukwanen Mma da matan da suka ji cika bakina, hawaye ya kusa zubo mini. Sai na ji tsohon yana buɗe gwangwanin tabarsa. Ya zaro harsashi ɗaya, ya goge shi a rigarsa, ya ɗura. Ya ce, "Direba, waccan jar abar da ke kan ƙaya, ta wa ce?" Na waiwaya, can tsallaken kwari inda na kwanta na yi harbi, darata ce 'yar mitsitsiya. Ya zauna ya dafa gwiwa, ya ɗan ɗaga abin awon da ke bayan bindigar, babu madubi babu komai. Ƙara ɗaya, darar ta yi sama ta faɗo.

Ya busa bakin bindigar ya ce, "Harsashina yana kaiwa, ɗan nema. Tun kafin a haifi uwarka yake kaiwa. Ƙafata ce ba ta kaiwa. Ni ba na harbin abin da ba zan iso shi da wuƙa yana da rai ba."

Na tashi daga kan dutsen. Muka zagaya na ɗauki darata da huji gaba da baya, muka canja wuri. Ranar na ja ciki har gwiwoyina suka saɓule, tururuwa suka yi biki a cikin wandona, ban ko yi tari ba. Sai bayan la'asar muka dace da wani mazon, bai kai nawa girma ba. Muka matsa har ina ganin kunnensa yana kaɗa ƙuda. Na ji tsohon ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya harba, dabbar ta durƙushe. Sai ya cusa mini wuƙarsa a hannu ya ce, "Ruga, kai ke da ƙafa!" Na isa yana shure-shure, na juya shi gabas na yanka.

Muka shigo Nima kafin magariba, mata suka yi ta guɗa. Mma ta zagaya naman, ta duba wuyan da kyau, ta ce, "Wa ya yanka shi?"

Kafin in buɗe baki tsohon ya ce, "Surukinki, da hannunsa." Ya wuce abinsa ya yi alwala. Mutumin da na shafe watanni ina yi wa dariya a bencin mai koko, ga dama ta samu ya rama a gaban kowa, sai ya rufa mini asiri. Wannan ya fi hujin darar yi mini zafi.

Washegari aka raɗa suna, gida ya cika har titi, nama ya wadata. Maroƙi ya sa ni gaba yana ta kirari, wai ni ne maharbin da ke kashewa daga inda ido ba ya kaiwa. Na hango kakana a kan tabarma yana taunar goro, ko a jikinsa. Abin ya gagare ni haɗiyewa. Na shiga ɗaki na ɗauko darar nan na kafa a kai, na fito. Mai koko ne ya fara gani, ya ce, "Direba, ɓera ya ci hularka ne?" Na cire na zura yatsa ta hujin, na ba su labarin tun daga farko, har da takalmin da na bari a laka. Aka yi dariya har wani dattijo ya ƙware da shinkafa. Mma ta leƙo daga wurin girki ta ce, "Da ka kawo mini wancan, da kai da shi zan jefa a gotar ruwan ƙazanta."

Gardamar harsashi ta mutu a ranar. Bindigar Baturen na ci gaba da fita da ita, harsashinta ma ba shi da laifi, mai riƙe da ita ne ba shi da hankali. Kakana ya rasu yaron nan yana tatata, ya bar mini gwangwanin tabarsa, kuma darar tana cikin akwatina har yau. Abin da na koya a bakin kwarin nan ya bi ni har cikin aikina da gidana: na daina auna kaina da nisan da zan iya harbawa, ko da bindiga ko da baki. Kafin in ce zan yi abu, sai na tambayi kaina ko ƙafata za ta kai wurin da wuƙa. Kuma in na ga tsoho ya yi shiru ana yi masa dariya, ba na saurin cewa ba shi da amsa, don na taɓa rataya hulata a gaban irinsu.