Akwatin da Inna ta lulluɓe

Shekarar da yayata ta haihu a Kano, Baba bai iya zuwa suna ba. Hawan jini ya kwantar da shi, ya tashi da ƙafa mai nauyi da kunnen da ba ya jure ƙara. Ko moto, wato babur, ya wuce ta ƙofar gidanmu a Zongo, sai ya runtse ido ya dafe kai.

Mijin yayata ya aiko da bidiyon sunan, irin mai kaifin hoton nan da har zaren mayafi ake gani. Da na nuna wa Baba a waya, ya ce jikan nasa bai fi ɓarin goro ba, shi bai ga komai ba. A tsohuwar kwamfutarmu kuwa hoton sai ya riƙa sarƙewa, fankarta tana kuka kamar injin markaɗe. Ba a je ko'ina ba ya ce a kashe. Bai ƙara tambayar bidiyon ba, wannan shi ya fi damuna.

Lokacin ina karatun kwamfuta a jami'a, sai na ƙudura zan haɗa masa wadda ba ta da murya. Na je unguwar Cissin wurin wani mai sayar da kayan kwance. Na zaɓo ma'ajiyar bayanai wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, da katin hoto marar fanka, da ƙarfen sanyaya mai haƙora kamar matsefi. Fanka ɗaya na sa, babba, domin babba a hankali take juyawa, ƙananan su ne masu tsiwa. Na zauna a tabarma ina jera wayoyi ina ɗaurewa, kamar mai yi wa ƙawarta kitso. Da na kunna, sai da na kara kunnena a jikinta kafin na ji motsi. Na jona ta da tele, wato talabijin, na ajiye ta a ƙarƙashin tebur.

Ranar Juma'a bayan la'asar gwaggonnina suka zo daga unguwar Larlé. Inna ta dama zomkom, ruwan geron da muke tarbar baƙi da shi, aka zaunar da Baba a kujerarsa da matashi a bayansa. Hoto ya fito tas. Ga tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, ga rago a ɗaure. Baba ya gyara zama.

Ana dab da fito da jariri sai na ji wani huci yana tasowa. Fankar ta ɗaga murya, hoton ya fara tsalle.

"Uwata," haka Baba yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "injin naki ya fara. Kashe."

"Baba, ku ɗan yi haƙuri."

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur. An naɗe kwamfutar da atamfa, an ɗora leshi a kai, an soke gefe da gefe tsaf. A gidan 'yan tufafi irin namu ba a barin abu mai daraja a buɗe; rediyo, keken ɗinki, firij, kowanne da mayafinsa. Shi ya sa idona ya wuce ta kai ban lura ba.

"Inna, wa ya rufe ta?"

"Wa zai rufe ta in ba ni ba? Baƙi su shigo su tarar da ƙarfe tsirara? Gidan makanikai ne?"

"Ta ramukan nan take shan iska, Inna."

Babbar gwaggo ta tafa hannu. "Matarmu, atamfa da leshi a wannan zafi? Ko amarya aka yi wa haka sai ta suma."

Na yaye zanen. Ƙarfen ya yi zafi kamar murfin tukunya. Na ɗauki faifai ina yi mata fifita, ina satar kallon Baba. Hannunsa na kan goshi. Na san idan ya ce a kai shi ɗaki, ba zai sake fitowa ba.

A hankali hucin ya sauka, ya sauka, har ɗakin ya yi tsit. Na maida bidiyon baya na saki.

Yayata ta fito rungume da yaron, ta matso kusa, ta ce da ƙaramar murya, "Baba, ga takwaranku." Duk mun ji ta, har ɗan atishawar jaririn. Baba ya sauke hannunsa daga goshi. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan hancin na gidanmu ne," ya ce. "Uwata, maida baya, in sake ganinsa."