Garzali da Rajistar Masu Ba da Jini

Garzali ɗan wani tela ne a nan Wudil. Ya yi difloma a kwamfuta, ya buɗe shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a hanyar gada. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya buga a kati, mutane suka riƙa kiransa haka cikin zolaya har bakinsu ya saba. Mutum ne mai son a tambaye shi, ba ya son a gyara masa.

Ni, Ja'afar, ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masu ba da gudummawar jini. A 2017 mun haura mutum ɗari uku, littafin rajista ya gaza. Idan aka kira daga asibiti ana neman jini don mai haihuwa, sai in yi ta buɗe shafuka ina laluben wanda jininsa ya dace. Garzali ya ce zai yi mana shafin intanet fisabilillahi, ya kuma kawo cikin mako biyu. Akwai suna, lambar waya, unguwa, rukunin jini, da gurbin da muke rubuta waɗanda aka dakatar saboda gwaji ya nuna cuta a jininsu. Ranar buɗewa ya sha babbar riga, ya yi jawabin minti arba'in. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shafin ya yi amfani. Amma daga ranar bai ƙara leƙa cikinsa ba, sai dai ya nuna wa baƙi a waya.

Shekara shida bayan haka Malama Saratu ta shigo ƙungiyar. 'Yar Gombe ce, tana koyar da kwamfuta a jami'a. Tana cike sunanta a shafin ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta nemi izinin kwamiti ta duba. Wata Asabar da hantsi ta zo taronmu da takarda shafi uku.

Ta yi mana bayani yadda kowa zai gane. Ta ce ba wanda ke gina irin wannan manhaja daga tushe, ɓangarori ake ɗaukowa waɗanda wasu suka rubuta, a harhaɗa, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai masu ɓangarorin kan gano ɓaraka a aikinsu, su sanar wa duniya, su fitar da gyara, ya rage ga mai shafi ya sabunta nasa. Namu yana da ɓangare talatin da ɗaya, ba ko ɗaya da aka taɓa sabuntawa. Sha tara suna da ɓarakar da aka riga aka wallafa, har da wanda ke tsare ƙofar shiga. Ta ce za ta gyara kyauta, kalmar sirri kawai take buƙata, kuma Garzali kaɗai ke da ita.

Garzali ya saurare ta yana kaɗa makullin babur a yatsa.

"Malama, motar da ke tafiya ba a kai ta wajen makaniki," in ji shi. "Kuma wane ɓarawo zai bar bankunan Legas ya zo satar rukunin jinin mutanen Wudil?"

Aka yi dariya. Har da ni, kuma wannan dariyar tana damuna har yau. Saratu ta ce masu kutse ba sa zaɓen gari, na'ura suke saki tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana gwada ƙofofi, duk wadda ta buɗe ta shiga. Ya ce wannan karatun littafi ne, shi kuwa aiki ya sani. Ya ninke takardarta ya goge ƙurar takalminsa da ita.

Sai daga baya maƙwabcin shagonsa ya gaya mini dalili. Garzali ya taɓa danna sabuntawa a shafin wata makaranta, komai ya rushe, ya kwana uku bai san yadda zai tashe shi ba. Tun daga nan yake tsoron maɓallin. Da ya ce bai iya ba, da an wuce wajen. Amma ya gwammace bayanan mutum ɗari shida da muka kai a lokacin su zauna a buɗe da ya furta wannan a gaban mace.

Bayan Babbar Sallah ta shekarar da ta biyo, na buɗe shafin na tarar da tallan caca. Garzali ya ce matsalar netwok ce. Kwana goma bayan haka wani ɗalibi ya nemi sunansa a intanet, ya ci karo da rajistarmu gaba ɗaya a watse, kowa na iya karantawa. Ya ɗauki hoton allon ya tura wa abokinsa. Kafin Juma'a ta zagayo, jerin waɗanda aka dakatar ya shiga kowane zauren hira na waya a garin.

A ciki akwai Labaran, mai tsire daga Indabo, wanda ke kafa tukubarsa kusa da kara, kasuwar shanu. Shekara biyu kafin nan ya zo ba da jini, aka ga cutar hanta, ya karɓi ƙaddara yana zuwa asibiti ba tare da kowa ya sani ba sai matarsa. Likita ya ce cutar ba ta bin nama gasasshe, amma wa zai tsaya jin likita? Cikin mako biyu tukubarsa ta koma wurin da ake kewayewa. Ya same ni a ƙofar gida, muka gaisa har ƙarshe, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce:

"Malam Ja'afar, jini na zo bayarwa. Me na yi muku?"

Na ba shi haƙuri, ya juya ya tafi.

Garzali kuwa yana da tasa amsar. A taron gaggawa ya ce aikin maƙiya ne, sannan ya rage murya ya ce a duba wanda ya fi kowa sanin inda ɓarakar take. Saratu na zaune a wurin. Shugabanmu ne ya daka masa tsawa, ya ce ya rubuta kalmar sirrin nan take. Ya rubuta. Sunansa ne da shekarar haihuwarsa.

Saratu ta rufe shafin a ranar. Ta yi wata guda tana gina wani, ta cire gurbin sakamakon gwaji, ta koya wa mutum biyu yadda za su riƙa sabuntawa duk wata. Amma abin da ya fita ya fita. Daga mutum ɗari shida muka koma ƙasa da ɗari biyu, don ba wanda ke son a gwada jininsa kuma. Labaran ya sayar da tukuba ya koma gona. Garzali bai taɓa taka Indabo ya ba shi haƙuri ba.

Watan jiya shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya kira ni. Ya ce Garzali na neman aikin gina musu shafi, ya kuma ambaci namu a cikin ayyukan da ya yi. Na ba shi labari tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Ya yi salati, ya yi godiya. Duk da haka sun ba Garzali aikin, domin ƙanwar shugaban nasu yake aure.