Bahagon da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Shekarar da muka koma gidanmu na East Greensboro ban san komai game da besbol ba, kuma ban yi niyyar sani ba. Ni 'yar Jos ce, ƙwallon ƙafa na taso ina kallo. A ganina besbol mutum ɗaya ne yake jifa, ɗaya yana jira da sanda, sauran suna tsaye a rana suna tauna cingam.

Maƙwabcinmu ne ya jawo ni ciki. Baƙar fata ne ɗan asalin garin, direban bas da ya yi ritaya. Tun ranar farko na kira shi Baba, matarsa kuma Mama, abin ya yi masa daɗi har yakan gaya wa mutane ya sami 'ya daga Najeriya. Idan zafi ya shigo, kullum da yamma yana baranda da ɗan rediyonsa yana bin wasa. Ranar Lahadi bayan coci ƙanin Mama yakan zo daga McLeansville cin abincin rana. Yarana suka sa masa Kawu. Mu ma muna dawowa daga namu cocin sai Mama ta ɗaga mini hannu, in zuba shinkafa dafa-duka a kwano in tsallaka.

A wannan barandar na fara jin labarin mutumin. Baba da Kawu sun yi shekaru suna musu a kansa, tun kafin in zo ƙasar. Mai jifa ne, bahago, haifaffen wata gona a bayan gari, wanda ya je babbar gasar ƙasa ya yi suna a zamanin da su biyun suke da sauran ƙarfinsu. Baba ya ce bai taɓa ganin hannu irin nasa ba. Yakan miƙe daga kujera ya kwatanta yadda ƙwallon ke tahowa kamar za ta wuce ta sama, sai ta karkace ta faɗo daidai gwiwa, mai sanda ya kai duka ya sami iska. Kawu bai taɓa musun hannun ba. Halin mutumin ne ba ya so. Ya ce da gangan yake jifa kusa da kan mutane don ya tsorata su, ba ya magana da 'yan jarida, ba ya dariya da abokan wasansa, kuma ranar da ya ga dama ya ajiye wasa ana tsakiyar kakar wasanni, ya koma gonarsu bai yi wa kowa sallama ba.

Na daɗe ina zaton musun na nishaɗi ne, sai wata rana Mama ta gaya mini tushen abin a kicin. Mahaifinsu, ita da Kawu, ya kasance yana son bahagon kamar ɗansa, don yaron yankinsu ne. Da ciwo ya ci ƙarfin tsohon, Kawu ya ɗauke shi a mota suka yi doguwar tafiya har garin da ake wasan. Suka tsaya a ƙofar da 'yan wasa ke shiga, tsohon a keken guragu. Mutumin ya zo, Kawu ya kira shi, ya faɗi sunan ƙauyensu. Ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Tsohon bai ƙara ganin wani wasa ba.

Babbar 'yata tana aji na biyar a lokacin, kuma bahaguwa ce. Mahaifiyata ta yi iya ƙoƙarinta duk zuwan da ta yi don ta mai da ta hannun dama, ta gaji ta bari. Baba ne ya fara ba ta ƙwallo a tsakanin gidajenmu, shi yana cafewa. Ba a jima ba ya zo ya same ni da maigidana, ya ce yarinyar nan tana da hannu, kuma abin da ya sani ya ƙare. Ya ce bahagon yakan je wani fili a bayan wani coci can wajen McLeansville duk Asabar da safe, ya zauna, duk yaron da aka kawo ya duba jifarsa.

Kawu da ya ji, sai ya ajiye cokali. Ya ce kada in kai 'yata wurin mutumin nan, zai sa ta kuka, kuma ita kaɗai ce mace a cikin yaran. Maigidana ya fara ja da baya. Ni kuwa na ce za mu je. Na yi shekaru ina aikin nas, na yi aiki da likitoci masu fara'a da masu murtuke fuska, kuma na riga na san fara'a ba ita ke ɗinke ciwo ba. Na ce in ya wuce gona da iri ni ma ina da baki.

Na sami bahagon zaune a kan bokitin da aka kife, dogon farin dattijo, kafaɗar hagu ta ɗan zube. Na je gabansa na gaishe shi yadda aka koya mini gaida babba: na tambayi kwanansa, na tambayi iyali, na gabatar da kaina da 'yata. Ya dubi yarinyar, ya nuna mata ɗan tudun da ake tsayawa a yi jifa. Ni ko kallo ban samu ba. Na koma mota raina a ɓace, ina cewa lallai Kawu ya san abin da yake faɗa.

Amma ta gilashin mota na ga yadda yake aiki. Bai ɗaga murya ba. Ya sa ta yi jifa, ya tashi ya gyara mata ƙafa da tsinin takalminsa, ya koma ya zauna. Ya sake tashi ya juya mata yatsu a kan ɗinkin ƙwallon. Bai ce ta yi kyau ba, bai ce ta yi muni ba. Da muka kama hanya na tambaye ta da Hausa ko tana so ta dawo, ta amsa mini da Turanci cewa shi ne mutum na farko da bai ce mata tana da ƙoƙari a matsayinta na mace ba.

Asabar ta uku na tare shi kafin yara su taru. Na ce masa a inda na fito, mutum ko sarki ne aka gaishe shi yakan amsa, kuma ni kullum zan gaishe shi, ya rage nasa. Ya dube ni sosai a karon farko.

“Ba na jin rabin abin da ake faɗa ta wannan kunnen,” ya ce. “Ɗaya rabin kuma ba ni da amsarsa.”

Na ce to zan riƙa tsayawa ta ɗaya kunnen. Daga ranar yakan taɓa bakin hularsa idan na gaishe shi. Iyakar abin da na samu ke nan a shekarun da muka yi, kuma na karɓa.

Bazara ta biyu 'yata ta shiga ƙungiyar yaran unguwa, aka fara sa ta jifa a wasa na gaske. Wata Asabar da rana Baba da Mama da Kawu duk suka zo kallo. Bahagon ma ya zo, ya tsaya shi kaɗai can jikin wayar da ta kewaye filin. Ana cikin wasa ƙwallo ta kufce mata ta sami wani yaro a haƙarƙari, ya durƙusa yana kuka. Bai ji ciwo sosai ba, amma ita ta rikice. Duk jifar da ta biyo baya sai ta kauce nesa da mai sanda, har kocinsu ya fara duban benci yana neman wanda zai karɓe ta. Da aka yi ɗan hutu ƙungiyoyin suna musayar wuri, sai na ga bahagon ya yafito ta. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

“Je ki tambayi yaron ko lafiya. Ki dube shi a ido. In kin dawo, ki jefa a daidai inda kika yi niyya ɗazu. Wurin naki ne, ba nasa ba.”

Ta je ta tambayi yaron, ta dawo, ta jefa ta ciki kusa da jikin mai sanda na gaba. Yaron ya ja da baya, alƙalin wasa ya ce jifar ta yi daidai. Baba ya buga cinyarsa don murna. Kawu ya girgiza kai ya ce ga shi nan, yana koya wa yarinya tsoratar da mutane. Na ce masa a'a, Kawu, ni abin da na gani shi ne ya fara tura ta duba lafiyar yaron. Ranar ce na fara sa baki a musunsu, kuma ban daina ba.

Bayan wasan na yi abin da maigidana ya ce shisshigi ne. Na kama hannun Kawu na ce ya zo ya faɗa wa mutumin abin da yake faɗa mana duk Lahadi. Ya tirje, amma Mama ta tura shi. Na tsayar da shi ta kunnen da ke ji. Kawu ya ba da labarin mahaifinsa tun daga farko. Bahagon ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Sannan ya ce bai tuna ba, kuma ba zai yi ƙaryar ya tuna ba. Ya ce ranar da zai yi jifa, tun daga safe ba ya ganin kowa, ko mahaifiyarsa ta san kada ta yi masa magana, don tsoro ne ke cike da cikinsa, in ya saki fuska sau ɗaya shi ke nan. Ya tambayi sunan tsohon da inda gonarsu take. Da Kawu ya faɗa, sai ya ce ya san gonar, yana yaro sun taɓa sayen alade a can. Ya ce da ya tsaya ya fi. Bai ce a yafe masa ba, ya taɓa hularsa ya nufi motarsa.

 Lahadin da ta biyo baya Kawu ya zo da sabon zance: ya ce mutumin da ya san da ya tsaya ya fi, ya kamata bakinsa ya iya furta haƙuri, kuma girman kan yana nan inda yake. Baba ya ce ai an ba shi haƙurin, shi ne bai iya ji ba. Suka juyo gare ni.

Na gaya musu abin da har yau nake faɗa. Na ce mutumin yana da wuyar sha'ani, ba zan so a ce mijina ne ko ubana ba, kuma ya yi wa mahaifin Kawu ba daidai ba. Amma na ce waɗanda ke kiran rediyo suna cewa mugu ne ba su taɓa zuwa filin nan da safe sun ga dattijo mai ciwon kafaɗa yana durƙusawa don ya gyara wa ɗan wani ƙafa ba. Ni na gani da idona, mako bayan mako. Kawu ya ce ni 'yar ɓangaren Baba ce kawai. Na ce ni 'yar ɓangaren 'yata ce.

Yarinyar ta yi wasa har ta shiga sakandare, sannan ta ce ta gaji, tana son kiɗa. Na ji tsoron yadda bahagon zai ɗauki maganar, don haka na raka ta ta gaya masa da bakinta. Ya tambaye ta wane irin kiɗa, ta ce ganguna. Ya ce ta riƙa ɗumama wuyan hannu kafin ta fara, kamar yadda ya koya mata, sannan ya kira yaro na gaba.

Bara ƙungiyar garin ta gayyato shi ya yi jifar buɗe wasa, don girmamawa. Na kwashe Baba da Mama da Kawu a motata muka je. Da aka kira shi, mafi yawan 'yan kallo suka miƙe suna tafi, wasu tsiraru suka yi ihun ƙi. Ya taka a hankali zuwa tudun, ya jefa, ƙwallon ta faɗi ƙasa kafin ta kai wurin mai cafewa. Bai yi dariya ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba, ya juya ya fita. Baba yana tsaye yana share ido. Kawu bai tashi ba, bai kuma yi ihu ba. Wani saurayi a bayanmu ya ce ashe tsohon ba abin da ya iya, sai Kawu ya waiwaya ya ce masa ya rufe baki, shi da bai taɓa ganin mutumin a lokacinsa ba. Daga nan ya tambaye ni ko akwai sauran gyaɗa a jakata.