Wayar da Na Kafa wa Njidda

Njidda tela ne. Na fara da wannan ne don shekara huɗu na yi ina so mutane su riƙa tunawa. Ɗan Garoua ne, ya sauka unguwar Briqueterie ta Yaoundé yana da shekara goma sha tara, ba shi da komai sai keken ɗinki na ƙafa da kawunsa ya bar masa. Boko a aji shida ya ajiye. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ni kuwa, Misbahu, haihuwar Kano, shekara uku na yi ina karatun kwamfuta a nan Yaoundé, takardata ma tana rataye a shagon babana. To ka ji inda ciwon yake.

Abin da ya kai tela ga kwamfuta shi ne wuyan riga. Bayan ya yi shekara goma yana yi wa wasu ɗinki, ya buɗe nasa shagon, ya sayi tsohon injin surfani mai aiki da kwamfuta. Injin ya zo da zane ashirin, kuma duk layin teloli zanen nan ashirin ake ta maimaitawa. Njidda ya ƙi yarda. Da fasasshiyar waya ya riƙa bin darussan kwamfuta da ake yi da Faransanci, kalma ɗaya sai ya tambayi mutum uku, har ya rubuta 'yar manhajarsa. Ka ba ta faɗin wuya da kaurin shadda, ta fito maka da sabon zane, zare ya kwanta kamar aikin hannu, shadda ba ta tattare ba.

A layin teloli akwai al'ada. Da azumi ya kama, kowa sai ya lulluɓe sabon aikinsa da tsohon ƙyalle, ko maƙwabcinsa na jikin bango ba ya gani sai a filin idi. Wanda wuyan rigarsa ya ɗauki ido ranar Sallah, shi ke da manyan mutane har layya. Sallah uku a jere Njidda ne.

Mu kuma muna da zamanmu na masu rubuta manhaja, duk Asabar bayan azahar, a saman wani shagon atamfa a hanyar Ekoudou. Sadiya ce ta kafa shi, mai haɗa wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Ba mu wuce mu goma sha biyar ba. Njidda da tambaya ya fara zuwa, kafin shekara ta zagayo ya zama shi ake tambaya. In na tashi bayani, sai ka ga kowa ya tuna yana da saƙo a waya. In shi ya tashi, da allin tela a hannu, yana haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci, har benci ake ja gaba. Kuma a ɗakin nan ba ya ɓoye mana komai. "Ku ai ba ku da keken ɗinki," in ji shi. Ina dariya tare da kowa, amma tawa ba ta kai zuci ba.

Ana cikin haka Sadiya ta kawo maganar bidiyo. Akwai 'yan unguwannin Nkomkana da Madagascar da kasuwar Asabar ke hana su zuwa, sun roƙi a riƙa ɗauka ana tura musu. Njidda ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, magana na ɗaki, shi zauna ɗaki. Vidéo ba shi da ƙofa."

Sai na miƙe. Na yi jawabin da ban taɓa yin irinsa ba: ilimi ba wuyan riga ba ne da za a lulluɓe, da waɗanda suka koya mana sun ɓoye, da ina muke? Har tafi aka yi mini, karo na farko. Gaskiyar magana, 'yan Nkomkana ba su dame ni ba. So nake abin da Njidda ke taƙama da shi ya zama na kowa, in ga ko za a ci gaba da jan benci.

Sadiya ta raba gardama. Za a ɗauka, amma duk wanda bai so, ya ce a kashe, a kashe. Kowa ya ga adalci. Ni kaɗai na san babu adalci a ciki, don na san mutumina. Bafulatanin nan ko ƙishirwa yake ji ba zai nemi ruwa a gaban mutane ba, balle ya dubi abokansa ya ce a kashe waya, kamar ya kira su ɓarayi. Aka tambaye shi, ya ce, "Ba komi."

Asabar ta biyu a cikin azumi, wani ya tambaye shi yadda ya hana shadda tattarewa. Ya dubi wayar da na kafa a gabansa, sannan ya fara. Da bayani ya ɗauke shi sai ya manta da ita. Ya buɗe manhajar, ya nuna lissafin, har ya fito da zanen Sallar bana a allo don misali. Na matso da wayar sosai. Da aka tashi Sadiya ta ce, "Misbahu, ka nuna wa Malam Njidda kafin ka tura." Na ce to. Kafin a sha ruwa na tura.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya faɗi haka bai ga tawa ba. Cikin kwana uku bidiyon ya shiga guruf ɗin teloli. Ranar idi na ga wuyan Njidda a jikin mutanen da ba su san ƙofar shagonsa ba, sahu bayan sahu. Masu inji uku da huɗu suka kwashe aikin har layya, shi mai inji ɗaya ya koma ɗinkin kayan makaranta. Ba zan yi ƙarya ba, a filin idin nan na ji daɗi. Daɗin bai kai ni gida ba.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Kullum muka haɗu shi ke fara miƙo hannu da gaisuwar Fulatanci: "Injiniya, jam na?" Zaman ma bai daina zuwa ba, sai dai bencin baya yake zama, ba ya kawo alli. Yanzu ni ne babban mai bayani, kuma kowa ya koma duba saƙonsa.

Asabar da ta wuce ina tsakiyar nuna wata manhaja, ta tsaya cak. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga kuskuren ba. Ban san lokacin da na juya wajen Njidda ba, kamar yadda muka saba yi dukanmu. Ya ga kuskuren, na san ya gani, don har leɓensa ya motsa. Sai ya ɗaga ido ya dubi wayar da ke ɗauka, ya dawo da shi kaina.

"Ci gaba, Injiniya," ya ce. "Muna koyo."

Minti ashirin na yi a tsaye ina lalube, kuma duk an ɗauka.