Yatsan Dakta Mai Aski

Mai askin kwanar layi, wanda ake yi wa laƙabi da Dakta, ko ƙofar makarantar lafiya bai taɓa leƙawa ba. Amma kana zama a kujerarsa zai fara faɗa maka cutar da ke jikinka da maganinta. Shekara ashirin yana aski yana zagin asibiti. "Likitoci? Mahauta ne masu farar riga!" Baki kamar rediyo, kai kuwa fayau.

Kwatsam yatsan da yake zurawa a zoben almakashi ya fara gardama. In ya lanƙwasa shi sai ya maƙale, sai ya sa ɗaya hannun ya ɓalle shi, ka ji ƙas. Ya riƙa juya wa madubi baya kada a gani. Da matarsa ta gaji da rakinsa, ta tisa shi gaba zuwa wani asibiti can ƙarshen gari, inda ya tabbata ba mai gane shi.

Likita ta matsa gindin yatsan ta ce, "Hanyar da jijiyar ke bi ce ta kumbura. Zan yi maka allurar sitiroyid a nan, sau da yawa ita kaɗai ta isa, ba sai an yanka ba. In ya dawo, kai ma ka dawo."

Dakta guda, sai ga shi ya runtse ido yana kiran uwarsa! Sati biyu yatsa ya saki.

Da mutumin kirki ne, sai ya gode ya yi shiru. Shi kuwa ya cika kwalba da man zafi, ya ajiye kusa da reza, yana shelar haɗinsa ne ya warkar da shi.

Telan shagon kusa, dattijo mai kunya, ya shigo riƙe da babban yatsansa. "Ƙanena, ni ma nawa ya fara maƙalewa. Almakashi na neman gagarata, kuma da shi nake ci da iyali. 'Yata ta ce in je asibiti."

Gaskiya ta zo wa Dakta har maƙogwaro, ya haɗiye ta. "Haba Yaya, kada ka bari su taɓa ka. Shafa wannan safe da yamma."

Wata bakwai tela na shafawa. Yatsa ya ƙage sam, masu ɗinki suka kwashe yadinsu, ƙarshe sai tiyata.

Ana haka na Dakta ya sake maƙalewa. Ya saci jiki ya koma asibitin nan, hula har gira. Yana zama a benci sai ga tela a gefensa, hannu naɗe da bandeji.

"Ƙanena, duba ni ka zo? Allah sarki, na gode."

Kafin ya haɗa ƙarya, nas ta leƙo. "Mai aski, shigo. Allura ta biyu ce, ko? Ban da ihu yau."

Tela ya laluba aljihu da hannun hagu, ya ajiye masa kwalbar a cinya.